Katantanwar bakin teku ce ta sa wa ɗana fitsarin jini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. A Takoradi, bakin teku a ƙasar Ghana, muke zaune. Ɗana mai shekara tara, da zarar ruwan teku ya janye sai ya shiga 'yan kududdufan da ke tsakanin duwatsu yana tsintar ƙananan katantanwa. Wata uku da suka wuce ya yi hutu a Yeji wurin kakarsa, yanzu kuma ina ganin ɗigon jini a ƙarshen fitsarinsa. Wasu sun ce katantanwar ce, wasu sun ce alamar girma ce. Hankalina ya ƙi kwanciya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya. Hajiya, gobe da safe ki kai shi asibiti a gwada fitsarin. Abin ya yi kama da tsargiya, amma katantanwar teku ba ta da hannu a ciki.

Akasarin waɗanda yake tsinta dangin katantanwar da masana ke kira Littorinidae ne, da yawansu ba su kai ƙwayar wake ba. Ki karɓi guda ki juya ta. Za ki ga ɗan murfi ruwan ƙasa ya toshe bakin ƙoƙon. A bayan ƙafarta yake liƙe, in ta ja jikinta ciki sai ya rufe kamar ƙyaure, danshi ya tsaya a ciki. Waɗanda ke can saman dutse, inda sai feshin igiyar ruwa ke kaiwa, sukan manna leɓen ƙoƙon da yauƙi su yi lamo har rana ta yi sanyi. Cikin bakinta akwai siririn harshe mai jerin haƙora, da shi take kankarar gansakuka.

Mace daban, namiji daban. Bayan barbara, mace takan saki ƙwai cikin 'yan kwanso da ke yawo a teku. Abin da ke fitowa 'yar tsutsa ce mai fiffike biyu masu gashi, ta yi makonni tana iyo kafin ta sauka kan dutse ta fara rarrafe. Rayuwarta kaf cikin ruwan gishiri da bakinsa take, kuma ƙwan tsargiyar ɗan Adam ba ya ƙyanƙyashewa a ruwan gishiri. Iyakacin abin da wasu katantanwan teku kan jawo shi ne ƙaiƙayi da ƙuraje na 'yan kwanaki, daga wata tsutsar tsuntsaye da ke mutuwa cikin fata.

Yeji ce ta tsaya mini a rai. A bakin tafkin Bolta take, kuma tun da aka kammala madatsar Akosombo da ta samar da tafkin a 1965 tsargiya ta yi ƙamari a ƙauyukan gaɓar tafkin. Mai ɗauke da ita wata katantanwar ruwan daɗi ce da ake kira Bulinus. Ba ta da murfi, kowace ɗaya mata-maza ce, a jikin ciyawar ruwa take zuba ƙwai. In kika riƙe ta tsini a sama, baki na kallonki, bakin yana hagu. Na ta teku yana dama. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shige katantanwa ta hayayyafa, ta fito ta huda fatar yaron da ke wanka.

Maganar alamar girma kuwa, ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai na ji ta. Yaro ɗan shekara tara, wace balaga? Ko ɗan sha biyar ne, babu namijin da Allah Ya halitta da jinin balaga. Abin da ya faru shi ne, a garin da kusan duk yara ke wanka a rafi ɗaya, kusan dukansu suna fitsarin jini, sai manya suka ɗauka haka halitta take. Jinin nan ƙwan tsutsa ne ke yaga bangon mafitsara. Tsutsotsin suna zaune cikin jijiyoyin jini shekara da shekaru suna zuba ƙwai. Mafitsara ta yi tabo ta ƙandare, hanyar fitsari ta toshe, ƙoda ta lalace, wani ma ya ƙare da sankarar mafitsara. 'Ya'ya mata kuma takan taɓa musu al'aura da mahaifa, a yi ta cewa sanyi ne.

Ga kuma masu lasifika a tasha, jarka ɗaya maganin cuta arba'in. Yaro ya sha jiƙo, jini ya ɗauke na mako biyu, a ce an warke. Ai jinin tsargiya dama yakan zo ya ɗauke da kansa, tsutsar tana nan daram. Wanda ya karɓi kuɗin uwa a kan wannan, ya ji tsoron Allah, amanar yaro ya ci.

Magani yana nan, Praziquantel, gwargwadon nauyin yaro ake bayarwa, kuma a sha bayan an ci abinci. Kada ki saya a kemis ki yi awo da ka, a bar ma'aikacin lafiya ya auna shi. Ki faɗa musu ya je Yeji, ki kuma aika wa kakarsa a gwada yaran gidan da suka yi wanka tare. Maganin ba ya hana sake kamuwa, saboda haka in ya koma hutu, ban da shiga tafki.