Tambaya da Amsa: Shin Manhajar Rance Tana Son Kai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa a babbar kasuwar Katsina. Na nemi rancen jari ta wata manhajar waya, aka hana ni cikin minti guda, aka ce na'ura ce ta yanke hukunci, kuma ita ba ta san kowa ba balle ta yi son kai. Haka ne?
Daga wata 'yar kasuwa, Ƙofar Marusa

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya ne ba ta san ki ba, amma nan ne matsalar take. Irin wannan manhaja tana koyo ne daga tarin bayanan waɗanda aka taɓa ba rance, ta duba shige da ficen kuɗi a asusunsu, sannan ta auna ki da su. Shekarun da kika yi kina zubin adashi ba fashi, da kayan da dillalai ke ba ki bisa amana, duk ba su rubuce a inda take dubawa.

Abin da ya fi damuna shi ne, hukuncinta yana sauya al'ummar da take aunawa. Da ta hana ki, ta toshe hanyar da za ki biya har a shaida riƙon amanarki, don haka gobe bayanan da za ta koya daga gare su ba su ƙunshi irinki ba, sai ta ƙara tabbata a kan kuskurenta, jarin kuma ya ci gaba da tafiya hannun masu shi.

An ga makamancin haka a Amurka. A 2019 masu bincike sun nuna cewa wata manhajar asibitoci tana auna tsananin ciwo da yawan kuɗin da aka kashe wa majiyyaci, sai baƙaƙen fata, waɗanda ba a kashe musu sosai, suka fito kamar sun fi lafiya. A Holan kuwa, gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021 bayan an zargi dubban iyalai da zambar tallafin renon yara bisa kuskure, kuma wata manhajar tantance masu karɓar tallafin na cikin abin da ya jawo hakan.

Mutane ne suka zaɓi abin da za ta auna, don haka su za ki tambaya. Ki rubuta wa kamfanin, ki nemi dalilin hanawar, ki kuma buƙaci ma'aikaci ya sake duba takardunki da idonsa, ki haɗa da littafin cinikinki da shaidar uwar adashi.