Tun da wanzami ya yi mini yankan gishiri fitsari bai tsaya ba

Assalamu alaikum Gwaggo,

Shekarata 23, an yi mini aure ina da 16. Tun farko kwanciyar aure ta gagara saboda zafi, har magana ta kai gaban manya. Tsofaffi suka ce gishiri ne ya toshe ni, aka kira wanzami ya sa aska. Na zubar da jini sosai, aka yi ta gasa ni da ruwan bagaruwa har ciwon ya kame. Daga nan ne fitsari ya fara bin ƙafata ba tare da na ji zuwansa ba, dare da rana.

Yanzu ba na zuwa biki, ba na zuwa Islamiyya. Tsumma nake ƙunsawa, cinyoyina duk sun saɓule. Na rage shan ruwa don zubar ta yi sauƙi, sai warin ya ƙaru. Uwar mijina ta ce iska ce, an yi hayaƙi an sha rubutu, shiru. Maigidana bai sake ni ba, amma ya ƙaurace wa ɗakina.

Wata maƙwabciya ta ce ana yin aiki a asibiti. Gwaggo, wuƙa ce ta jawo mini wannan, yaya zan sake miƙa kaina ga wuƙa? Nawa ake biya? In an yi, zan iya haihuwa?

Baiwar Allah, daga wani ƙauye a jihar Katsina

Wa alaikumus salam 'yata,

Ba iska ba ce, kuma ba laifinki ba ne. Abin da kika kwatanta shi ne yoyon fitsari, kuma ana ɗinke shi. Mafitsara da bututun da fitsari ke bi suna manne ne da bangon farji ta gaba, fatar da ta raba su ba ta da kauri. Daidai wurin wanzami yake tsagawa, a makance, ba ya ganin inda askarsa ta tsaya. In ta zarce kaɗan sai ta huda, fitsari ya samu wata hanya. Yawancin masu yoyon fitsari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, amma likitocin Arewa sun daɗe da sanin irin naki.

Na fahimci tsoronki, sai dai wuƙar likita da askar wanzami ba hanyarsu ɗaya ba. Za a fara duba ki, a zura siririyar roba a mafitsara a ɗura ruwa mai launin shuɗi, a ga ta inda yake ɓullowa. Da haka ake sanin wurin ramin da girmansa. Ranar aiki yawanci allura ake yi a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, idonki biyu amma ba ki jin zafi. Galibi ta ƙasa ake yin aikin, ba a tsaga ciki. Bayan an ɗinke za a bar miki robar fitsari kamar mako 2 don kada mafitsara ta cika ta ja ɗinkin, kuma ma'aikatan jinya za su takura miki da shan ruwa.

Ba zan yi miki alkawarin da likita ma ba zai yi ba. Mafi yawan mata suna warkewa, amma yankan gishiri yakan taɓa bututun fitsari, wanda shi ne ke riƙe fitsarin, kuma gyaransa ya fi wuya. Akwai wadda ramin zai rufe amma ta ci gaba da ɗiga in ta yi tari ko ta ɗauki kaya, sai an haɗa da motsa jiki na musamman ko aiki na biyu. Shi ya sa nake ja miki kunne a nan: aikin farko shi ya fi samun nasara, domin duk ɗinkin da ya warware tabo yake bari, tabo kuwa ba ya kama zare da kyau. Kada ki yarda kowane mai farar riga ya gwada hannunsa a kanki. Ki je inda wannan ne aikinsu kullum.

Kin yi sa'a, a jiharki akwai Cibiyar Yoyon Fitsari ta Ƙasa da ke Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya yi shekaru yana wannan aiki yana koyar da likitocinmu tun shekarun 1980. Akwai irinta a Ningi ta jihar Bauchi, akwai cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, masu karatu na Nijar kuma akwai ta Danja kusa da Maraɗi. A cibiyoyin gwamnatin tarayya aikin kyauta ake yi. Ke dai ki tanadi kuɗin mota da ɗan guzuri, ki tafi da 'yar rakiya, ki shirya zaman wasu makonni.

Kafin ki tafi, ki koma shan ruwa sosai daga yau. Fitsarin da ya yi kauri shi ne mai wari, shi ke cin fata, yana kuma iya tara tsakuwa a mafitsara. Ki riƙa wanke wurin da ruwa, ki tsane, ki shafa basilin, ki yawaita canza ƙunzugu. A bar cusa magani ko sassaƙe.

Batun haihuwa, mata da yawa sun haihu bayan an gyara su. Sharaɗin shi ne ba saduwa har sai likita ya ba da izini, yawanci wata 3 zuwa 6, sannan in ciki ya samu a fara awo da wuri, a haihu a asibiti, kuma akasari tiyata ake ba da shawara don kada ɗinkin ya ɓalle. Wannan magana ba taki ba ce ke kaɗai. Ki nemi wanda maigidanki yake jin nauyinsa, kawunsa ko liman, ya sa shi ya raka ki ya ji daga bakin likita. Mutumin da ya riƙe igiyar aure shekara 7 a wannan hali, ban cire rai da shi ba.

Kada kunya ta hana ki faɗa wa likita zafin da ya jawo yankan tun asali. Sau da yawa tsoro da ƙuruciya ne ke sa naman wurin ya ɗaure, ba wani gishiri da ya toshe hanya, kuma akwai yadda ake magance shi ba tare da aska ba. In ba a kula da shi ba, za a ɗinke ramin ki koma gida ki tarar da matsalar farko tana jiranki.

In Allah ya ba ki 'ya mace, ranar suna ki tsaya a kanta, kada wanzami ya taɓa gabanta da sunan cire angurya. Dokar tarayya ta 2015 da ta hana cin zarafin mutane ta haramta kaciyar mata, in kina buƙatar abin da za ki kafa wa tsofaffi hujja da shi.

Allah ya ba ki lafiya. In kin dawo ki rubuto mini yadda aka yi.

Gwaggonki