Darbejiya na hana namiji haihuwa?

Malam, kan tambayarka ko ruwan darbejiyar da muke sha in zazzaɓi ya kama mu na taɓa haihuwar namiji, eh an gwada kan ɓeraye a ɗakin gwaji kuma ƙwayoyin maniyyinsu sun ragu, haka ma ƙwallon gwanda, amma fa tataccen ruwa mai ƙarfi ake ɗura musu kullum har makonni, ba moɗa ɗaya na kwana uku ba. Da aka daina yawanci sun farfaɗo.

Ni wanda ya fi ban tsoro gosifol ne, wani sinadari na cikin angurya, a Sin an gwada shi kan maza don hana haihuwa a shekarun 1970, wasu ba su koma daidai ba. Darbejiya kuwa, tsofaffinmu nan wajen Ringim sun sha ta, gidajensu cike da 'ya'ya.