Filin Lafiya: Shayi da goro ne ke tashina fitsari da dare?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni direban babbar mota ne tsakanin Garwa da Ngaundere, shekarata 54. Fitsari ya dame ni. Da dare sai in tashi sau uku ko huɗu, a hanya kuwa in ya matsa ni, kafin in samu wurin tsayawa ya ɗiga ya ɓata mini tsarki. Ina shan shayi mai ƙarfi, ina cin goro don kada barci ya sace ni a kan sitiyari, da rana kuma lemon kwalba. Uwargida ta ce shayin ne. Na rage shan ruwa, abin bai sauya ba. Yaron motata mai shan giyar bilbil ya ce shi ma haka yake fama. Daga wani direba, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara sauƙi. Uwargida ta hango wani abu, sai dai zan fara da ruwan da ka rage, don shi ya fi tayar mini da hankali. A zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, da ke wuce digiri 40, mutum yana zuba gumi kuma ya hana kansa ruwa? Fitsarin zai yi kauri ya yi ja, kuma irin wannan fitsarin shi ke ƙara tsokanar mafitsara, ga haɗarin tsakuwar ƙoda. Ka koma shan ruwanka da rana har fitsarin ya yi haske. Awa biyu ko uku kafin kwanciya ne kawai za ka sassauta.

Shayi, Nescafé, goro da Coca-Cola duk abu ɗaya suka tara, wato sinadarin kafeyin. Aikinsa biyu ne a nan: yana sa ƙoda ta ɗan ƙara tace ruwa, yana kuma zuga tsokar mafitsara ta riƙa matsewa tun ba ta cika ba. Mafitsarar babba kan ɗauki wajen rabin lita, amma mai yawan kafeyin sai ya ji ta matsa shi, ya je ya yi ɗan kaɗan. Masana a Turai da Amurka sun sa miligiram 400 a rana a matsayin iyaka ga babba mai lafiya. Kofin Nescafé yana da kimanin 60 zuwa 80, gwangwanin Coca-Cola sama da 30 kaɗan. Shayinmu na tasha, wanda ake barin ganye yana tafasa a buta har ya yi baƙi, ba wanda ya auna shi, kuma goro ba ka ma lissafa shi a abin sha. Sannan kafeyin kan yi kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, saboda haka shayin bayan magariba yana nan tare da kai har tsakar dare.

Ban ce ka bari gaba ɗaya ba, na san hanyar nan da hawan dutsen Ngaundere. Yankewa lokaci guda ma ciwon kai take kawowa. Ka rage sannu a hankali cikin mako biyu, kada ka sha shayi ko ka ci goro bayan la'asar. In barci ya zo a hanya, tsaya ka runtsa.

Lemon kwalba, ko marar kafeyin irin su Top, wasu iskar gas ɗin ke tsokanar mafitsararsu, wasu ko a jikinsu. Ni sukarin ne damuwata: gwangwani ɗaya na Coca-Cola yana ɗauke da giram 35.

Shi kuwa yaronka, giya tana danne sinadarin da ƙwaƙwalwa ke aikawa ƙoda don ta riƙe ruwa, shi ya sa mashayi ke fitar da fiye da abin da ya kamata, ya wayi gari da ƙishirwa. Nasa maganin a fili yake.

Amma Alhaji, a shekarunka ba zan ɗora wa shayi laifin duka ba. Ka je asibiti da safe kafin ka karya a auna maka suga, don yawan fitsari da ƙishirwa alamarsa ce. A duba furostet, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda kan girma bayan shekara 50 ya matse hanya. In fitsarin ba ƙarfi, ko sai ka yi yunƙuri, ka faɗa wa likita. A gwada fitsarin kuma, musamman in kana wanka a Binuwai ko wajen Lagdo, inda tsargiya ta yi yawa. In ka ga jini, ko zafi da zazzaɓi, ko fitsarin ya ƙi fita sam, kada ka jira ka sauke kaya, ka nufi asibiti mafi kusa a ranar.