Katako, fayiba ko na roba: wane jirgi ya dace da ruwanmu?

Tun da aka gama girbin damina tambayoyi suka karkata zuwa bakin ruwa. Ga uku daga ciki, duk a kan ƙaramin jirgin kamun kifi.

Wani manomi daga Daɗin Kowa ya ce: "Malam, ina noman shinkafa a gefen dam. Bana Allah ya sa albarka, ina da ɗan abin hannu, ina so in sayi ƙaramin jirgi in riƙa zuba kalli, wato ragar kamun kifi, idan aikin gona ya yi sauƙi. Wasu sun ce na fayiba, wasu sun ce katako. Wanne ya fi?"

Allah ya ƙara albarka. Ni dai katako zan ce maka, amma ba kowane katako ba. Dam ɗin Daɗin Kowa, wanda aka kammala a 1984 a kan kogin Gongola, ruwa ne mai faɗi ƙwarai, kuma da rana ta karkata iska kan taso ta tayar da igiyar ruwa. Jirgin katako yana da nauyi, yana zama daram, iska ba ta wasa da shi kamar yadda take yi da mara nauyi. Sannan duk ranar da ya fara yoyo, kafintan bakin ruwa zai toshe maka shi da auduga da kwalta kafin la'asar. Wannan sauƙin gyaran shi ne rabin darajarsa.

Inda ake cutar mutane shi ne irin icen. Maɗaci da kawo suna jure ruwa shekara da shekaru. Farin katako mai laushi, irin wanda ake rufin ɗaki da shi, yana da araha, amma damina kaɗan zai gani ya ruɓe. Matsalar ita ce da an shafa fenti duk kamarsu ɗaya. Na taɓa raka wani abokina ganin jirgi, an yi masa shuɗin fenti yana ta sheƙi, mai shi yana rantsuwa sabo ne. Na ciro makullin babur na danna a gindin haƙarƙarin jirgin, inda ruwa ke kwanciya, sai makullin ya shige kamar cikin dafaffen rogo. Ba mu ƙara cewa komai ba, muka yi sallama. Kai ma ka yi hakan: ka danna ƙasan jirgin, da kusurwoyin gaba da baya, ka dubi kan ƙusoshi. Idan ka ga tsatsa ta yi zane tana gangarowa, ƙusar ta kusa cinyewa a ciki. Kada ka biya kuɗi jirgi yana kan tudu. A sa shi a ruwa, ku shiga ku biyu, ku yi rabin awa, ka ga yawan ruwan da za ka kwashe. Ɗan tsattsafi ba laifi ba ne, musamman ga jirgin da ya daɗe a bushe, don katako sai ya sha ruwa yake kumbura ya haɗe bakinsa.

Na fayiba, wato wanda aka ƙera da zaren gilashi da ruwan danƙo, ba shi da laifi. Gara ba ta cinsa, ba ya ruɓewa, mutum biyu za su ja shi tudu. Amma kuɗinsa ya fi na katako nesa ba kusa ba, kuma idan ya daki dutse ko kututture ya tsage, kwalta ba ta kama shi yadda ya kamata. Sai an samo ruwan danƙonsa da ƙyallen fayiba da wanda ya iya aikin, su kuwa ba a kowane bakin ruwa suke ba. In har ka nace, to na hannu ne za ka fi samu. Ka ƙwanƙwasa jikinsa da bayan yatsa ko'ina: mai lafiya yana amsawa da kaifi, inda ya rabu a ciki kuwa sai ka ji luɓus. Ka fi mai da hankali ga allon baya inda ake rataya inji, domin sau da yawa katako ne a ciki aka lulluɓe, yana iya ruɓewa ba ka gani ba.

Wani ma'aikaci daga Bauchi ya rubuto: "Ni ba sana'a zan yi ba. Sha'awa ce kawai, in je Gubi ranar Asabar in jefa ƙugiya. Na ga jirgin roba da ake hura wa iska a intanet, ba tsada. In saya?"

Yallaɓai, mai arahar nan na wasan yara ne a wurin wanka. Robarsa siririya ce, zafin ranar Bauchi na watan Maris zuwa Afrilu yana sassauta gam ɗin da ya haɗa shi, iskar ciki kuma ta kumbura ta matsa ɗinkin. Ga ƙugiya a hannunka, ga ƙayar tarwaɗa, ga ta kurungu wadda ta fi allura. Akwai masu kauri, masu ɗaki uku ko fiye na iska da daɓen katako ko alminiyam, waɗanda in ɗaki ɗaya ya huje sauran za su riƙe ka. Su kam jirage ne na gaske, sai dai kuɗinsu ya kai ka tsaya ka yi lissafi. Asabar nawa za ka je a shekara? In ba ta wuce goma ba, ka nemi masunci ka biya shi ya shiga da kai. Ya san inda karfasa take kwana, kai ba ka sani ba. Kuma Gubi ruwan shan garin Bauchi ne, saboda haka ka nemi izinin masu kula da dam kafin ka sa wani abu a ciki, ka kuma gaisa da sarkin ruwa.

Na uku daga Balanga: "Dole ne sai da inji?"

A'a. Ga ƙaramin ruwa, filafili ya wadatar, ba fetur ba bakanike. Inji na mai tafiya nesa ne ko mai dakon kaya. In za ka saya, mai ƙarfin doki 15 ya ishi ƙaramin jirgi, kuma Yamaha aka fi samun kayan gyaransa. Irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, ma'aunin da aka saba shi ne 50 da 1, wato rabin lita na mansa a lita 25 ta fetur, amma ka duba abin da aka rubuta wa naka. Wajen sayen na hannu, a tayar da shi ƙafarsa na cikin ruwa, ka ga yana tsartuwar ruwa ta baya. In ba ya yi, ba ya sanyaya kansa ke nan.

Duk ku ukun, ku ware kuɗin rigar ruwa mai hana nutsewa tun cikin kuɗin jirgi, ta kowane mai shiga. Kai kuma na Daɗin Kowa, ka san akwai dorina a ruwanku. Ka tambayi tsofaffin masunta wuraren da take kwanciya kafin ka zuba kalli, kuma kada ka kusanci mai ɗa ko da jirginka na ƙarfe ne.