Tambaya da Amsa: Teburan ƙofar gidan abinci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan gidan abinci, cikin ya yi mana kaɗan, kuma in yanayi ya yi daɗi mutane sun fi son zama a waje. Na je neman izinin fito da tebura kan hanyar masu tafiya a ƙafa da ke ƙofar shagona, sai aka ce na 'yan watanni kawai za a ban, baɗi kuma sai na sake nema. Abin ya ban haushi wallahi, ba ƙofata ba ce? Kullum ni ke share wurin fa. Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara kasuwa. Shara kam an gode miki, amma gaskiya wurin ba naki ba ne, hanyar jama'a ce, abin da hukuma za ta ba ki aro ne, kuma mai aro ba ya kafa ƙusa. Shi ya sa ma sharaɗin da aka fi sawa shi ne duk abin da kika fitar ya zama wanda za a iya ɗaukewa, tebur, kujera, lema, ba a yarda ki zuba siminti ko ki gina wani abu ba, don in bututun ruwa ya fashe a ƙarƙashin wurin ko 'yan kwana-kwana suna son wucewa ba wanda zai tsaya jiran ki kwance katako.

Kuma ba ke kaɗai ake wa haka ba. A 2020 lokacin korona da aka hana cin abinci a cikin ɗaki, birane da yawa suka saki hannu, Paris da New York duk suka bar masu gidajen abinci suka fito waje, Ingila ma ta yi doka a shekarar don sauƙaƙa lasisin. Da annoba ta lafa sai ƙorafi ya taso, hayaniya da dare, shara, ɓeraye, rumfunan da aka bari suka lalace. To sai aka koma tsarin lokaci. A Paris daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Oktoba ne, kuma galibi ƙarfe 10 na dare a tashi. A New York teburan da ke kan kwalta daga Afrilu ne zuwa ƙarshen Nuwamba, ai ga dusar ƙanƙara da za a kwashe, amma na kan hanyar masu tafiya a ƙafa an bar su duk shekara. Ni a ganina sabunta izinin nan ba mugunta ba ce, ita ce kaɗai damar da maƙwabta ke da ita su ce wance ta takura mana.

Abin da ya fi kayar da mutane kuwa faɗin hanya ne. Paris na son a bar wa masu wucewa mita 1.6, kuma kar ki auna da kujera a ture cikin tebur, auna da mutum zaune ya miƙe ƙafa ga mai kawo abinci tsaye a bayansa, sannan ki tuna mai keken guragu da makaho mai sanda da uwa mai tura keken jariri, in suka sauka kan kwalta saboda teburinki aka samu matsala sunanki za a fara kira. Shi ya sa wurare da yawa sai kin nuna takardar inshora tukuna.

Ki zana taswirar wurin da awo, ki sa turakun lantarki da bishiya da duk abin da ke tsaye a wurin, ki je ki gaisa da maƙwabta kafin su ga sanarwa a manne, kuma ki kai fom ɗin tun lokaci bai kama ba don ana ɗaukar makonni kafin amsa ta fito.