Notin bututun birki ya ƙi kwancewa a tsohuwar Peugeot 504

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Peugeot 504 wagon da na gada daga mahaifina, ta daɗe a ajiye a gida, yanzu nake son tada ita. Silindar birkin baya ta hannun dama tana yoyo, na sayo sabuwa, amma notin da ya ɗaure bututun ƙarfe a jikin tsohuwar ya ƙi motsi. Na matsa masa da sifana lamba 11 har gefensa ya fara cinyewa. Wani abokina ya ce in kira mai walda ya sa masa wuta. Me ka gani? Daga mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa albarka a abin da ya bari. Abu na farko, ajiye sifanar nan. Sifana mai buɗaɗɗen baki gefe 2 kawai take kamawa cikin gefe 6 na noti, kuma notin bututun birki ƙarfensa mai taushi ne, ga rami a tsakiyarsa inda bututun ya ratsa. Duk matsar da ka ƙara yi masa da ita, ƙara mulmule shi kake yi. Akwai sifanar da aka ƙera domin wannan aikin: kamar zobe take, an ɗan tsaga bakinta daidai yadda bututu zai shige, sai ta rungumi notin kusan ta kowane gefe. Ka nemi ta kirki, domin ta banza bakinta buɗewa yake yi da zarar ta ji nauyi. Kafin ka saya ka kankare notin ka tabbatar da lambarsa, don a motocin Turai na wancan zamani za ka tarar da 10 ko 11, tsatsa kuma tana cin noti har ya koma tsakanin lamba da lamba.

Kafin ka sake taɓa shi, ka gane inda ya cije, domin wuri 2 ne noti irin wannan ke kamewa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai cijewar zaren notin a cikin jikin silinda. Akwai kuma mannewar notin da bututun kansa, wato tsatsa ta shiga ɗan tsakanin da ke tsakaninsu ta haɗe su. Ta biyun ita ce mai yaudara. Za ka ji noti ya motsa ka yi murna, ashe bututun ne yake murɗewa tare da shi, kafin ka ankara ya nannaɗe ya tsage. Don haka in ka zo juyawa, idonka ya kasance a kan bututun. Ka ja masa layi da alli. In layin ya bi notin ya juya, tsaya.

Mu nan Kaduna ba a zuba gishiri a titi kamar ƙasashen da ake ƙanƙara, shi ya sa motar da aka harhaɗa a kamfanin Peugeot na Kakuri, wanda ya fara aiki a 1975, ƙasanta kan fi na 'yar Kwatano lafiya. Abin da ke cin namu shi ne laka ta damina da ke maƙalewa a bayan taya ta riƙe danshi, sai kuma zama. Motar da ta shekara da shekaru ba a taka birkinta ba, tsatsa ta ciki da waje take kama ta, saboda man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana jan ruwa daga iska.

Ga yadda zan yi in ni ne. Ka ɗaga motar ka ɗora ta kan abin tokare na ƙarfe, kar ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Ka goge notin da burushin waya har ƙarfe ya bayyana, musamman bayansa inda bututu ya shiga, ka ɗan goge bututun da sanfefa a nan wurin. Sai ka fesa man sassauta tsatsa, WD-40 ko makamancinsa, ka ƙwanƙwasa jikin silindar da ƙaramar guduma a hankali don girgizar ta fasa tsatsar, ka tafi harkarka. Ka fesa da safe, ka fesa da yamma, ka bar shi ya kwana. Yawancin notin da nake gani an lalata, rashin haƙurin wannan daren ne ya jawo. Washegari ka sa sifanar ta zauna sosai, ka fara da ɗan ɗaurewa kaɗan, kamar mai son ƙara matse shi, sannan ka dawo baya. Ka bugi ƙarshen sifanar da tafin hannu, bugu gajere, ya fi ja mai tsawo. Da ya motsa kar ka yi gaggawar zare shi. Gaba kaɗan, baya kaɗan, kana ƙara man fesawar, har ka ga yana juyawa shi kaɗai bututu na tsaye.

To, idan zaren ya saki amma notin ya manne da bututu, kai ka yi sa'a, tunda silindar ce za ka jefar. Ka cire takalman birkin, ka kwance abin da ya ɗaure silindar a jikin farantin baya, ka cire ɗan notin fitar da iska in yana tare hanya, ka ɗan turo ta ta fita daga raminta ba tare da ka lanƙwasa bututun ba. Ka riƙe notin da sifana, ka juya silindar ita kanta har ta zare. Da notin ya fito fili za ka samu damar jiƙa shi ta gaba da baya har ya saki bututun.

Maganar mai walda kuwa, ban goyi baya ba. Zafi yana aiki, wannan gaskiya ne, domin yana buɗa ƙarfen da ya kewaye zaren. Amma tankin 504 a baya yake, ga bututun fetur, ga tiyon birki na roba, ga man da ka fesa wanda shi ma yana kamawa, kuma man birki da aka rufe a bututu aka dafa shi yana iya fasa tiyo ya watso maka a fuska. Wutar gas ta masu walda ta fi ƙarfin wannan ɗan wuri nesa ba kusa ba. In dole sai an ɗumama, a yi da na'urar hura iska mai zafi, a jikin silinda, bayan an buɗe notin fitar da iska an goge mai tas. In shi ma wannan notin ya cije bai buɗu ba, a bar maganar zafi gaba ɗaya.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji. Ka ce gefen notin ya fara cinyewa. Notin da ya mulmule, ko filaya mai kullewa ta taimaka maka ka fitar da shi, ba za ka iya ɗaure shi yadda ya kamata ba, kuma ba a sauya noti sai an yanke bakin bututu. Motar da ta kai waɗannan shekaru, ni shawarata ka daina wahalar ceton wannan guntun bututu. Ka yanke shi dab da notin da abin yankan waya, kar ka sa zarto don garin ƙarfe zai shiga ciki. Da bututu ya bar hanya, soket mai gefe 6 zai hau notin, in ya yi sako-sako ka buga wanda ya ɗan fi shi ƙanƙanta da guduma. Ɗaya bakin bututun, inda ya haɗu da tiyo ko mararraba, ka riƙe ɗaya ɓangaren da sifana ta biyu kafin ka juya.

Wajen sabon bututu ne mutane ke jefa kansu cikin haɗari. Ka ɗauki tsohon da notinsa ka tafi da su, ko kasuwar Panteka za ka ko wurin masu kayan mota. Kaurin da aka fi amfani da shi milimita 4.75 ne, zaren noti galibi M10 x 1 a motocin Turai, amma ka gwada da naka. Bakin bututu iri 2 ne: akwai mai kumburi kamar kan albasa, wanda aka fi gani a motocin Turai, akwai mai buɗewa ciki wanda aka ninka, na motocin Amurka da Japan. In ka haɗa wani da mazaunin wani zai ɗauru, amma zai yi yoyo ran da ka taka birki da ƙarfi. A yi maka baki irin na tsohon sak. Ka karɓi bututun ƙarfe na birki, ko na jan ƙarfe da aka gauraya da nikel. Bututun firji ko na iyakwandishan, da tsohon bututu da aka yi wa walda a tsakiya, kar ka yarda su hau motarka ko kyauta ne.

Wajen ɗaurawa, ka fara shigar da notin da yatsu, ya yi zagaye da yawa kafin sifana ta taɓa shi. Kar man fesawar nan, ko baƙin mai, ko kananzir ya shiga cikin bututu, domin suna kumbura robobin birki. Man birki kuma yana cin fenti, in ya ɗiga ka wanke da ruwa nan take.

Tunda motar ta daɗe a zaune, ka sauya man birkin gaba ɗaya da sabo daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, ka sauya silindar hagu ita ma, ka duba tiyoyin roba ko sun tsattsage. Wajen cire iska daga bututun birki ka fara da tayar da ta fi nisa da masta, wato babbar silindar da ke gaba wadda ke tura man birki zuwa tayoyi, kuma ka sa guntun katako a ƙarƙashin feda don kar mai taimaka maka da taka birkin ya kai ta ƙasa, saboda robar tsohuwar masta tana yagewa in ta shiga inda tsatsa ta taru. In kun gama, ka danne birki da iya ƙarfinka na rabin minti. Feda ta tsaya cak, kuma kowace mahaɗa ta kasance a bushe in ka shafa ta da farin ƙyalle. In ta riƙa nutsewa a hankali, akwai sauran aiki, kar motar ta fita ƙofar gida.